Sayen Motar Hannu: Abin da Doka Ta Ce In Aibi Ya Bayyana

  Maganar da za mu yi yau ta shafi aljihun mutane da yawa, wani lokaci ma ta shafi rayukansu, watau maganar sayen motar hannu daga wurin dila, da abin da ya kamaci mutum in motar ta ɓaci bayan ya biya kuɗi.

Kowa ya sani a ƙasar nan kaɗan ne ke iya sayen mota sabuwa fil. Yawancinmu ta hannu muke saye, ko dai wadda aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, wadda ake kira 'yar Kwatano ko Beljiyam, ko kuwa wadda ta riga ta yi yawo a hanyoyinmu. Sau da yawa kuɗin nan tarin shekaru ne. Wani ya sayar da gona, wani ya kwashi adashi, wani kuɗin sallamarsa ne daga aikin Gwamnati, yana so ya sa motar haya don ya ci da iyali. Ran nan sai mota ta tsaya a tsakiyar hanya, bakanike ya duba ya ce inji ya buga. Mai mota ya koma wurin dila, dila ya ce, “Ai ciniki ya ƙare, kai ka gani ka saya.” Sai mutum ya haɗiye baƙin ciki ya koma gida, yana tsammani ba shi da abin cewa.

To, yana da abin cewa. Aibin da ke ɓoye cikin mota tun ranar ciniki, alhakinsa yana wuyan dila, ko da kuwa motar tsohuwa ce. Amma wannan hakki yana da sharuɗɗa, kuma abu biyu ne suka fi ɓatar da shi, rashin takarda da jinkiri.

Dokokin da suka shafi wannan ciniki

Akwai dokoki iri uku da ya kamata ku sani.

Ta farko ita ce dokar sayar da kaya ta Ingila ta shekarar 1893. Mun gāje ta tun zamanin mulkin Turawa, kuma har yanzu da ita ake aiki a jihohin da ba su yi tasu ba. Jihohin da suka yi tasu ma, bisa tushenta suka gina. Ta ce wanda sana'arsa ce sayar da wani irin kaya, lalle kayan su kasance masu amfanuwa ga abin da ake sayensu dominsa. Ta kuma ce mai sayarwa lalle ya kasance yana da ikon sayar da abin, watau ba kayan wani ba ne.

Ta biyu ita ce dokar Tarayya ta kula da gasa da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1992, ita ce kuma ta kafa hukumar da aka fi sani da FCCPC, mai hedkwata a Abuja. Wannan doka ta yi magana filla-filla. Sashe na 117 ya ce wanda zai sayar da kayan hannu, ko kayan da aka yi wa kwaskwarima, lalle ya sanar a fili cewa haka suke. Sashe na 118 ya wajabta ba mai saye shaidar ciniki a rubuce. Sashe na 125 ya hana faɗin ƙarya ko ruɗi game da kaya. Sashe na 131 ya ba mai saye hakkin samun kaya masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su jure gwargwadon lokacin da hankali zai ɗauka. Sa'an nan sashe na 132 ya ce in kaya suka kasa cika wannan, mai saye yana iya mayar da su cikin wata uku daga ranar da aka danƙa masa, ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwa a kan mai sayarwa yake. Shi kuwa mai sayarwa sai ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Ku riƙe wannan wata uku da kyau.

Ta uku ita ce shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alkalanmu ke hukunci da ita tsakanin waɗanda ta shafa. Tun kafin a ƙera mota malamai sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibi, a cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa. Wanda ya sayi doki ko jaki, sa'an nan ya tarar da tsohon aibi wanda aka ɓoye masa, wanda kuma ke rage darajar dabbar, yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Mai sayarwa kuwa ba ya kuɓuta da cewa ya barranta daga aibi, muddin ya san da aibin ya yi shiru. Ashe ke nan maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin hawan ne kaɗai ya sāke.

Tsufa dabam, aibi dabam

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda haka sai mu tsaya kaɗan. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi mota mai shekara goma sha biyar ba zai sa ran ta yi kamar wadda aka fito da ita daga masana'anta jiya ba. Taya za ta suɗe, batir zai yi sanyi, fulogi da takalmin birki za su ci, salansa za ta yi tsatsa. Waɗannan tsufa ne, ba wanda zai ɗora wa dila nauyinsu. Mai hukunci zai duba shekarun motar, da nisan tafiyar da ta yi, da kuɗin da aka biya, da abin da dila ya faɗa lokacin ciniki.

Bari in kawo muku shari'u biyu da aka yi a Ingila bisa dokar nan ta 1893. Hukuncin kotunan Ingila ba tilas ba ne a kan alkalanmu, amma sukan duba shi don neman haske, da yake tushen dokar ɗaya ne.

A ta farko, wadda aka yanke cikin 1965, wani mutum ya sayi Jaguar ta hannu. Dila ya gaya masa tun farko cewa kuloci yana bukatar gyara, ya ce ko su gyara masa, ko a rage masa fam 25 ya gyara da kansa. Ya zaɓi ragin. Da ya kai gareji bayan 'yan makonni, sai aka tarar gyaran ya fi yadda aka zata girma da tsada. Ya kai ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarƙashin babban alkalin nan Denning, ta ce ba shi da gaskiya, gama an nuna masa wurin aibin, an rage masa kuɗi, motar kuma tana tafiya lafiya sa'ad da ya ɗauke ta.

A ta biyu, wani ya sayi Jaguar ƙirar 1964 cikin shekarar 1972, a kan fam 390. Ta riga ta yi tafiyar mil fiye da 82,000, dila kuwa ya yabe ta ƙwarai. Mai saye ya yi mako uku da ita, ya yi tafiyar mil wajen 2,300, sai inji ya ƙame gaba ɗaya. Wanda ya mallaki motar a dā ya ba da shaida cewa injin ya riga ya gama yayinsa tun sa'ad da ya sayar wa dilan. Kotun nan dai ta ce dila ya biya, domin motar da injinta ke bakin mutuwa ran ciniki ba ta cancanci abin da aka saye ta dominsa ba, watau hawa bisa hanya.

Kun ga bambancin. Na farko an gaya masa ya yarda, kuma aibin na gyara ne. Na biyu ba a gaya masa ba, aibin kuma ya kashe motar ɗungum. Tambayoyin da za ka yi wa kanka ke nan: shin aibin yana nan tun ran ciniki? An nuna mini shi, ko kuwa a fili yake yadda duk mai dubawa zai gani? Ya hana motar aiki, ko ya sa hawanta ya zama kasada?

Aibobin da aka fi ɓoyewa

Akwai waɗansu aibobi da ya kamata kowa ya san su, don su aka fi rufewa da fenti da daɗin baki.

Akwai motar da ta yi mummunan haɗari a ƙasar waje, kamfanin inshora ya yafe ta, aka saye ta da araha a gwanjo, aka miƙe ta aka shafe. Irin wannan sau da yawa an cire jakar iskar da ke kare direba ba a mayar ba. Akwai motar da ta nutse a ambaliya. Bayan manyan guguwowin Amurka, kamar ta 2005 da ta 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun sha ruwa, irinsu kuwa sukan bi ta gwanjo su fita waje. Wayoyin wutarsu sukan ruɓe a hankali, sai bayan watanni matsala ta fara. Alamarta warin danshi, da tsatsa ƙarƙashin kujeru, da busasshen laka a lungunan da ba a wankewa. Akwai wadda aka juya wa sitiyari. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Motar da aka ƙera da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu, in aikin bai yi kyau ba, tana iya ƙwace wa direba ana cikin gudu. Akwai kuma mayar da agogon tafiya baya, don mota mai nisan zango ta zama kamar yarinya.

Game da wannan na ƙarshe, akwai wata shari'a ta 1965 a Ingila. Dila ya gaya wa mai saye cewa wata Bentley ba ta wuce mil 20,000 ba tun da aka sāke mata inji da akwatin giya. Daga baya ta bayyana maganar ba gaskiya ba ce. Kotu ta kama dilan, ta ce shi ne ke da halin sanin tarihin motar, maganarsa kuwa alkawari ce cikin cinikin. Saboda haka abin da dila ya faɗa yana da nauyi a gaban doka. Wuyar dai ita ce tabbatar da ya faɗa, shi ya sa muke cewa a rubuta.

Aibin takardu

Mota tana iya zama lafiya lau amma takardunta su zama masu ciwo. In ba a biya kuɗin kwastan daidai ba, ma'aikatan kwastan suna da ikon kama ta a hannun duk wanda suka same ta. Ku tuna daga ran 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, motoci da yawa kuwa sun shigo ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. In kuwa motar ta sata ce, to, ba ta zama taka don ka biya kuɗi, mai ita na asali zai karɓi abinsa. Amma kana da hakkin bin wanda ya sayar maka. A wata shari'a ta 1923 a Ingila, an sayi mota a kan fam 334, aka yi wajen wata huɗu, sai 'yan sanda suka karɓe ta don ta sata ce. Kotu ta ce a mayar wa mai saye kuɗinsa cif, ba ragin ko kwabo saboda amfanin da aka yi da ita, gama abin da ya biya dominsa, watau mallaka, bai samu ba ko kusa.

Kafin ka biya

Rigakafi ya fi magani. Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ban da wanda dila ko dillali ya kawo. Ku tayar da inji da safe yana sanyi, ku duba hayaƙi da baƙin mai da ruwan lagireto, ku hau ta kan hanya har ta yi zafi, ku shiga ƙarƙashinta. Doka ta ba ka hakkin duba kaya kafin ka saya, dilan da ya hana dubawa kuwa ya riga ya gaya maka abin da kake son sani.

Duba lambar jikin mota. Yawancin motocin da aka ƙera tun daga 1981 lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce. Ka tabbata wadda ke jikin motar ita ce ke cikin takardun kwastan da na rajista. Motocin Amurka ana iya binciken tarihinsu da wannan lamba ta intanet, a ga ko sun taɓa haɗari ko nutsewa.

Sa'an nan a yi takarda. A rubuta sunan dila da adireshinsa, da irin motar da shekararta da lambarta, da abin da agogo ya nuna, da kuɗin da aka biya da kwanan wata. Duk abin da dila ya yi alkawari, kamar cewa ba ta taɓa haɗari ba, ko ba a taɓa kwance injin ba, a sa shi ciki. In akwai aibin da kuka yarda da shi, shi ma a rubuta, don kare dila mai gaskiya. Shaidu biyu su sa hannu. Ka biya ta banki in da hali. Ka kuma tambaya, motar ta dilan ce, ko ta wani ce aka ajiye masa ya sayar ya ci la'ada? Wannan yana da muhimmanci, domin kariyar da muka ambata ta fi ƙarfi a kan mai sana'ar sayar da motoci. In daga hannun maƙwabcinka ka saya, wanda ba sana'arsa ba ce, hakkinka ya ragu ƙwarai, sai fa in ya yi maka ƙarya ko ya ɓoye abin da ya sani.

Waɗansu diloli sukan buga a jikin rasit cewa in an saya ba a mayarwa. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Dokar 2018 ta hana sharaɗin da zai tuɓe wa mai saye hakkin da doka ta ba shi. Rubutun rasit ba ya rinjayar dokar ƙasa.

In aibi ya bayyana

Na ɗaya, ajiye motar. Kada ka ci gaba da hawa kana cewa bari mu gani. A dokar Turawa da shari'ar Musulunci duka, wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ana iya ɗauka ya yarda. Ban da haka, tuƙa mota mai ciwo yakan ƙara ɓarna, sa'an nan dila ya ce kai ka lalata ta.

Na biyu, kada ka bari a kwance inji ko a sāke wani abu kafin dila ya gani. In aka wargaza ta a gareji, shaidarka ta tafi. Bakanike ya duba kawai, ya rubuta abin da ya gani da ra'ayinsa game da daɗewar aibin. Ka ɗauki hotuna.

Na uku, sanar da dila nan da nan, a rubuce. Faɗi ranar ciniki, da ranar da aibin ya bayyana, da abin da kake nema, ko gyara ko musanya ko kuɗinka. Ka ba shi 'yan kwanaki ƙayyadaddu ya amsa. Ajiye kwafin wasiƙar da duk saƙonnin waya. Ka yi magana da ladabi, gama zagi ba ya ƙara wa hujja ƙarfi.

Na huɗu, in ya ƙi, nemi sulhu ta wurin shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci na wurin, ko dattawan da yake jin nauyinsu. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa, domin ɗan kasuwa yana tsoron ɓacin suna. In an shirya, a rubuta abin da aka shirya a kai.

Na biyar, in sulhu ya faskara, kai kuka ga hukumar FCCPC, ko ga hukumar kare masu saye ta jiha inda akwai, kamar yadda Kano take da ita. Kana kuma da ikon zuwa kotu. Wani abin da zai ƙarfafa maka zuciya shi ne sashe na 145 na dokar 2018, wanda ya ce in an yi ƙarar cewa kaya suna da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Duk da haka kada ka je hannu rabbana, tafi da takardunka da shaidunka. In kuɗin da yawa, shawarci lauya.

Abu biyu kuma nake jan kunnenku a kansu. Kada ka tara 'yan'uwa ku je ku ƙwace wata mota a filin dila a madadin taka, wannan zai mai da mai gaskiya mai laifi. Kada kuma ka mai da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne in akwai laifi, kamar motar sata, ko takardun jabu, ko zamba da gangan.

Kalma ga diloli

Na san akwai masu wannan sana'a a cikinku, kuma yawancinku mutanen kirki ne masu neman halal. Wannan doka ba gāba take yi da ku ba. Dilan da ya faɗi aibin motarsa, ya rubuta a takarda, ya rage kuɗi gwargwado, ba abin da zai same shi, kamar yadda muka gani a shari'ar kulocin nan. Wanda ya ɓoye shi ne ke cikin haɗari. Ku tuna kuma birkin da aka ɓoye wa aibi, ko sitiyarin da aka juya da ha'inci, asararsa ba ta tsaya a kuɗi ba. Motar za ta ɗauki mata da yara, wataƙila ma har da danginku.

Ku da kuka ji wannan jawabi, ina roƙonku ku isar da shi ga waɗanda ba su zo ba, musamman waɗanda ba su iya karatu ba, don su aka fi cuta. In wani naku zai sayi mota, ku raka shi, ku tabbata an yi takarda, ku rubuta masa ranar da wata ukunsa za su cika. Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya kiyaye mu bisa hanya.